ZAUREN IYALI: Auna Ƙofarka Kafin Ka Sayi Firiji



 A wannan fitowa zancenmu zai tsaya ne a kan kayan lantarki na cikin gida, wato firiji, wanda a nan Kwatano muka fi sani da firigo, da injin wanki, da kuma injin busar da tufafi. Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramar magana ce. To amma duk wanda ya zauna a Zongo ya san cewa an sha ɓata zumunci a kan takardar kuɗin wuta, an sha cin bashin da ya wuce shekara saboda kayan ɗakin amarya, an kuma sha zubar da nama a bayan gida ana hawaye.

Abin da ya jawo wannan rubutu ya faru ne a cikin danginmu. Da za a aurar da ɗiyar ƙanwata, uwar ta rantse cewa sai 'yarta ta tare da firiji mai ƙofa biyu, irin wanda ta gani a ɗakin 'yar ƙawarta. Na ce mata, "Ke kuwa kin ga ɗakin da za a kai yarinyar nan?" Ta ce, "Haba Yaya, ai ɗaki ba ya ƙin kaya. So kake a ce mun kai ta da ɗan akwati kamar marainiya?" Na yi shiru. Aka kwashe kuɗin adashi, aka ƙara da bashi, aka sayo wani ƙaton firiji na hannu, irin waɗanda ake kira "venu de France". Ranar jere sai ga shi ya ƙi shiga ƙofa, har sai da aka kira kafinta ya cire ƙyauren ɗakin. Da ya shiga, ya cinye wurin da amarya za ta shimfiɗa dardumar salla.

Tsugune ba ta ƙare ba. Gidan haya ne, mita ɗaya ce ke ba ɗakuna shida wuta. Wata biyu da tarewa maƙwabta suka fara gunaguni cewa tun da amarya ta zo kati ba ya kai sati. Da zafin watan Maris ya kama, injin ya riƙa gurnani dare da rana ba hutawa, ruwa kuma ba ya ƙanƙara. Ya lallaɓa har zuwa Babbar Salla, ranar da aka cika shi da naman layya, a daren nan ya yi shiru. Da safe yarinyar ta kira ni tana kuka, ta ce, "Kawu, naman duk ya canja wari, ban san abin da zan faɗa wa maigidan ba." Na ce, "Yi haƙuri ɗiyata, laifin namu ne manya da muka saya miki abin ganin ido." Tun daga ranar na ƙudurta cewa sai na rubuta abin da na sani a kan wannan al'amari, ko Allah Ya sa wani ya tsira.

Ɗaki da ƙofa

Mafi yawanmu a Zongo da kewayenta, har zuwa Jonquet da Missèbo, muna zaune ne a ɗaki ɗaya, wato "entrer-coucher", ko ciki da falo, a gidajen da ake tarayya a tsakar gida da makewayi. Saboda haka abu na farko da mai saye zai riƙa shi ne awon tela. A auna faɗin ƙofar gida, da ta ɗaki, da lungun da za a bi, sannan a auna wurin da za a ajiye kayan, a rubuta a takarda a tafi da ita kanti. A tuna cewa firiji yana fitar da zafi ta baya, a wasu kuma ta gefe, don haka yana bukatar a bar masa kamar santimita 5 zuwa 10 tsakaninsa da bango, kuma ƙofarsa tana bukatar filin buɗewa. Kada a jingina shi da murhu, kada a ajiye shi inda rana ke faɗowa ta taga.

Ƙaramin firiji mai tsayin tebur, kimanin santimita 85, yana ɗaukar lita 90 zuwa 130, ya kuwa ishi ango da amarya. Iyali mai mutum huɗu ko biyar, mai lita 200 zuwa 250 ya wadatar da su, faɗinsa kuma bai cika wuce santimita 55 ba. Mu da kasuwa ke kusa da mu, ana cefane kusan kullum, me za mu yi da rumbun da aka ƙera domin mutanen da ke sayayya sau ɗaya a sati?

Akwai kuma maganar ƙasa. Kwatano gari ne da ke kwance tsakanin teku da tafki, wanda ya ga ambaliyar 2010 ba ya bukatar a tuna masa yadda ruwa ke shiga ɗakuna. Injin firiji a ƙasa yake ta baya, injin wanki ma haka. A sa magini ya yi ɗan dakali, ko kafinta ya yi katako mai ƙwari, a ɗora kayan a kai. Iskar teku kuma tana ɗauke da gishiri mai cin ƙarfe, shi ya sa injin wanki mai gangar jikin roba ya fi daɗewa a tsakar gida a kan mai jikin kwano.

Wuta

Dattawan cikinmu suna tune da duhun 1998, lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo ta ƙasar Gana, wadda muke samun wuta daga gare ta ta hannun hukumar CEB da Benin da Togo suka kafa a 1968. An sake shan irin wannan wahala a 2006 da 2007. Daga baya an jawo layin wuta daga Nijeriya zuwa Sakété a 2007, aka kuma buɗe tashar Maria-Gléta mai ƙarfin megawat 127 a 2019. Al'amura sun yi sauƙi ƙwarai, alhamdu lillahi. Duk da haka wuta takan ɗauke, takan kuma dawo da ƙarfi ko da rauni, musamman a gidajen da wayoyinsu suka tsufa. Dawowar nan ce ke kashe firiji. Saboda haka duk wanda ya ware kuɗin firiji ya ware na "régulateur", ko na ɗan akwatin kariya mai jinkirta shigar wuta na minti uku zuwa biyar. Rigakafi ya fi magani.

Wutar SBEE mai ƙarfin bolt 220 ce. Kayan da aka ƙera domin Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, na Japan kuma 100. Idan ɗan'uwa ya aiko da irinsu a kwantena, kada a kuskura a jona su kai tsaye. A duba ɗan allon da ke manne a baya ko a cikin firijin kafin komai.

Sai lissafin mita. Idan mitar gida mai amfiya 5 ce, abin da za ta iya ɗauka a lokaci guda bai wuce wat 1,100 ba. Mai amfiya 10 kuma wat 2,200. Ƙaramin firiji yana cin kamar wat 100 yayin da injinsa ke aiki. Injin wanki mai baho biyu bai cika wuce wat 500 ba. Amma injin wanki mai dafa ruwa da kansa yakan kai wat 2,000, injin busar da kaya na gargajiya ma haka ko fiye. Ke nan a gidan da ake tarayya da mita, kunna ɗaya daga cikinsu zai iya jefa kowa cikin duhu. Haƙƙin maƙwabci abu ne da addininmu ya tsananta a kansa. Wanda zai shigo da kaya mai cin wuta ya fara sanar da mai gida da sauran 'yan haya, ya sa ƙaramar mitar nan da ake kira "décompteur", domin kowa ya biya daidai abin da ya sha.

Harafin da ya kamata kowa ya sani

Ga sirrin da ya kashe firijin ɗiyarmu. A kan allon kowane firiji akwai abin da ake rubutawa "classe climatique", wato irin yanayin da aka ƙera shi dominsa. Mai harafin N ko SN an yi shi ne domin ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. Mai ST yana jure har 38, mai T kuma har 43. A nan garin, daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin waje kansa yakan kai 32, balle ɗaki mai rufin kwano da ake girki a ƙofarsa. Da muka duba na ɗiyarmu, N muka gani. An ƙera shi domin ɗakin girkin Faransa, aka kawo shi Zongo a tsufansa. Saboda haka a nemi T ko ST, ko wanda aka rubuta SN-T, ma'ana ya haɗa duka.

Abu na biyu a kan allon shi ne iskar gas da ke sanyaya shi. Idan an ga R12, a bar shi ko da kyauta ne. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana wannan iska saboda ɓarnar da take yi wa sararin samaniya, ƙasashe irin namu kuma wa'adinsu ya cika tun 2010, don haka firijin da ke ɗauke da ita ya tsufa matuƙa. Sababbi mafi yawa R600a suke amfani da ita, ba ta cin wuta da yawa, sai dai tana kamawa da wuta idan ta tsiyaye. Wannan ya sa uwargida kada ta taɓa sa wuƙa ta kankare ƙanƙara. A kashe firijin a bar ta ta narke da kanta.

Abu na uku shi ne takardar cin wuta mai launuka. Tun 1 ga Maris 2021 ƙasashen Tarayyar Turai suka sauya tasu, suka daina A+ da A++ da A+++, suka koma daga A zuwa G, har ya zama firijin da a da ake kira A++ yau yana iya faɗawa E ko makamancin haka. Don kada haruffa su rikita mutum, ya dubi lambar da aka rubuta kWh a shekara. Bari mu yi misali. A ce tsohon firiji yana cin 600 a shekara, sabon ƙarami kuma 200. Bambanci 400 ke nan. Idan muka ƙaddara ana biyan sefa 125 a kan kowane ɗaya, kowa kuma ya duba nasa farashin a takardarsa, to tsohon yana ƙara wa gida sefa 50,000 duk shekara. Cikin shekara uku arahar ta koma tsada. Irin wannan lissafi ne ya sa ƙasar Gana ta hana shigo da tsofaffin firiji tun daga 2013. Hausawa sun gama magana da suka ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Ba ina cewa duk kayan hannu banza ba ne, kuma na san akwai 'yan'uwanmu da ke cin abinci da wannan sana'a cikin gaskiya da amana. Wanda ƙarfinsa bai kai sabo ba, ya tafi da mai gyara wanda ya yarda da shi, a jona firijin a gabansa na tsawon awa guda aƙalla, a ji ko injin yana tsayawa ya huta. A maƙale takarda a bakin ƙofa a ja. Idan ta zare ba wuya, robar ƙofar ta mutu. A ɗauko shi a tsaye, kada a kwantar da shi a bayan zemijan, idan an iso kuma a bar shi ya zauna wasu awoyi kafin a jona, in an kwantar da shi a hanya a ba shi kwana guda.

Masu sana'a da naman layya

Iyayenmu mata da ke sayar da ƙanƙara, zoɓo, kunun aya ko dege, abin da ya dace da su shi ne firiza mai buɗewa ta sama, mai lita 100 zuwa 150. Sanyi nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya, don haka idan an buɗe murfi ba ya zubowa waje kamar yadda yake yi a mai ƙofar gaba. Idan wuta ta ɗauke, firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi har kusan kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya, alhali firiji na yau da kullum awa huɗu ne kawai. A lura da taurarin da ke jikin ƙofar wurin ƙanƙara: tauraro ɗaya ko biyu na ajiyar ɗan lokaci ne, mai taurari huɗu ne kaɗai aka yi domin daskarar da ɗanyen nama. Ko shi ma ba a cika shi da naman rago guda a lokaci ɗaya. A yanka ƙanana, a ƙulla a leda, a sa kaɗan-kaɗan.

Sannan ina tambaya: ya dace a sayi ƙaton firiji saboda kwana uku a shekara? Kakanninmu da suka zo garin nan da fatauci ba su san firigo ba, amma namansu bai lalace ba. Sun raba wa maƙwabta da mabukata, sun soya saura ya yi ƙarau, sun yi kilishi da dambu. Abin da aka bayar domin Allah ba ya ruɓewa.

Injin wanki

Iri biyu ne suka fi yawa a kantunanmu. Na farko mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa. Yana da araha, ba ya cin wuta, masu gyaransa suna ko'ina, kuma ana iya zuba masa ruwa da bokiti, abin da ya dace da gidan da famfon SONEB ɗaya ne a tsakar gida, ko ake ɗiba a rijiya. Aibinsa shi ne sai an tsaya a kansa, kuma yana da faɗi. Na biyu mai sarrafa kansa. Mai ƙofar gaba faɗinsa santimita 60 ne, akwai siriri wanda zurfinsa bai wuce 45 ba, akwai kuma mai buɗewa ta sama mai faɗin santimita 40 kacal, wanda ya fi dacewa da matsattsen wuri. Irin wannan yana bukatar famfo mai ƙarfi da magudana. Kafin a saya a tambayi kai: ina ruwan wankin zai tafi? Sakin ruwan sabulu a kan hanya ko ƙofar maƙwabci cutarwa ce, kuma gayyatar sauro ce.

Kilo da ake rubutawa a jikin inji nauyin busassun tufafi ne. Kilo 5 zuwa 6 ya ishi ƙaramin iyali, 7 zuwa 8 gida mai yara da yawa. A wanke da ruwan sanyi, domin dafa ruwan ne ke cin mafi yawan wutar. A tabbata mai aikin lantarki ya haɗa wayar ƙasa, wato "prise de terre", domin ruwa da wuta ba sa wasa da juna, kuma yawanci babu takalmi ake tsayawa wanki. Shadda mai ƙyalli da babbar riga mai aiki kuwa a bar su a hannun masu wanki da bugu, inji yana kashe musu kwarjini.

Nan akwai mas'alar da iyaye mata suka sha tambaya. A mazhabar Malikiyya da muka taso a kanta, ruwan da sabulu ya canja masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba ya gusar da hukuncin najasa, sai ruwa tsantsa. Saboda haka tufafin da fitsarin yaro ko jini ya taɓa, a fara wanke wurin da ruwa zalla kafin a haɗa shi da sauran kaya, sannan a tabbata ɗaurayar ƙarshe da ruwa mai tsabta aka yi, har ya fita garau. Masu inji mai baho biyu su fi kiyayewa, tun da an saba maimaita ruwa ɗaya ga kaya kashi biyu ko uku. Wanda ke son ƙarin bayani ya tuntuɓi malamansa bayan karatu a masallaci.

Injin busarwa

A gaskiya wannan shi ne na ƙarshe da zan ba mutumin Zongo shawarar saye. Allah Ya hore mana rana kyauta. Matsalar takan taso ne a babbar damina, daga Afrilu zuwa Yuli, da ƙaramar da ke biyowa wajen Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da laima ke sa kayan makarantar yara kwana biyu a igiya suna warin ruma. Maganin wannan yana cikin matsewa. Injin da ke juyawa sau 1,000 zuwa 1,200 a minti yana fitar da mafi yawan ruwan, sai a shanya a baranda ko a ɗaki a kunna fanka. Akwai ma ɗan injin matsewa shi kaɗai, wanda bai fi bokiti babba girma ba, ga wadda ta fi son wanki da hannu. Mai sana'ar wanki da guga ne kawai zai ci ribar injin busarwa, shi ma sai da mitarsa ta kansa da wurin fitar da tururi.

Kuɗi

Hanya mafi aminci ita ce tari ko adashi har kuɗi su cika. Wanda zai saya da biya kaɗan-kaɗan, ya tabbata an yanke farashi ɗaya tun farko an rubuta, da adadin watanni. Jumhurun malamai sun halatta hakan ko da ya ɗara farashin hannu da hannu. Amma sharaɗin cewa bashi zai riƙa ƙaruwa idan an yi jinkiri, wannan shi ne ribar da aka hana mu. A karɓi takardar shaidar biya da ta garanti mai hatimin kanti, a tambayi tsawon garantin da inda ake kai gyara, a adana takardun tare da na haihuwar yara.

Daga ƙarshe ina kira ga iyaye mata, musamman masu shirin aurar da 'ya'ya. Darajar amarya tana ga tarbiyyarta. Firijin da zai hana ta wurin salla, ya haɗa ta faɗa da maƙwabta tun ba ta san sunayensu ba, ya bar uwarta da bashi, wannan ba gata ba ne. Garin neman gira kada a rasa ido. Ɗiyar tamu yau tana da ɗan firiji mai lita 120, harafin T, a kan dakalinsa, da ƙaramar mitarta. Kwanan baya na je gaishe su ta kawo mini zoɓo mai sanyi, ta ce, "Kawu, ashe daidai ruwa daidai tsaki." Uwarta kuwa sai a watan jiya ta gama biyan bashin wancan na farkon.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya sa albarka a cikin abin da muka mallaka, Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.